Zakaran da Aka Shuka

Ni dai a aji huɗu na bar firamare, amma ban fito haka nan ba. Malaminmu ya taɓa duba zanena ya ce ba laifi. Shekara sittin ina riƙe da wannan shaida, ina jiran ranar da duniya za ta neme ni.

Ranar ta zo da kakar bara. Wani Ibo mai sayar da kayan babur a bakin kasuwar Daura ya nuna mini a wayarsa yadda Turawa ke manna 'ya'yan kabewa a kwali su fitar da hoto. Na ce masa bari gwani ya taɓa.

A ɗakin uwargidana na tarar da su cikin gwangwanin madara, manya, an shanya su tsaf, kai ka ce ni ake jira. Na rina wasu da zoɓo, wasu da shuni, na jiƙa ƙaro, na yi kwana biyu a zaure ina manna zakara. Maƙwabcina ya leƙo ya ce kunkurun ya yi kyau. Na yafe masa, bai yi boko ba.

Da na kai wa uwargida, ta daɗe tana kallo. Na gyara zaman hula.

"Malam, a ina ka samo waɗannan?"

"A gwangwani."

"Irin shuka ne. Na mahaifiyata, daga garin Babban Mutum. Tun ina amarya nake juya shi duk damina, kuma ba wanda ya rage da shi sai ni."

Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya tsorata ni ke nan. Ta rataye zakaran can sama, inda ni da kaji ba ma kaiwa.

Da ruwan shuka ya sauka, ta tsoma shi a baho. Ina tsaye jela ta fara tafiya, sai ƙafafu. Ta tsince irin ɗaya bayan ɗaya, ta miƙo mini fartanya. Kwana bakwai ina zagaya gindin danga kafin karin kumallo, ina addu'ar da ban yi ba ko ranar jarrabawa. Ran na takwas ganye ya leƙo.

Bana mun sha miyar taushe har mun aika wa maƙwabta. Na shaida mata cewa shunin ne ya ƙara wa irin ƙarfi. Ta ce, "Haka ne, Malam, ƙara miya."

Gwangwanin yanzu yana cikin akwati mai kwaɗo, makullin a bakin zaninta.