Koren Ƙyauren Baba

Har yau idan na ga gwangwanin koren fenti sai raina ya ɓaci, kuma yayana ne sila. An sha ce mini in bar maganar, wai an tsufa. Na ji, amma ban bari ba.

Ƙofar zauren gidanmu, a ƙauyenmu na ƙasar Maradun, ƙyaure biyu gare ta, na katako mai kauri. Baba ne ya shafa musu fenti da hannunsa tun ina rarrafe, kore mai duhu kamar miyar kukar da ta kwana. Idan baƙo ya tambayi gidanmu ba a kiran sunan kowa, sai a ce ya nemi koriyar ƙofa. Baba ya rasu kafin a gama dam ɗin Bakolori. Da aka ce ruwa zai ci garin, kowa ya kwashe nasa, sai yayana ya taso da rabon gado a ranar da ake ɗaurin kaya. An raba garma, an raba damman gero, an raba awaki. Da aka zo kan ƙofa ya ce ai shi ma ɗan Baba ne. A gaban Inna ya ɓalle ƙyauren dama, ya ɗora a mota, ya nufi Bakura inda surukansa suka ba shi fili. Don Allah wane mai hankali ne yake raba ƙofa?

Ni na ɗauki Inna da ƙyauren hagu muka hau tudun da aka ba mu, wuri duk tsakuwa. Na yi gini, na sa kafinta ya yi wa ƙyauren ɗan'uwa. Inna ba ta yi ƙorafin tsakuwa ba, ba ta yi na nisan ruwa ba. Kullum bayan la'asar takan shimfiɗa tabarma a cikin zaure, ta jingina da tsohon ƙyauren. Yayana kuwa bai fasa aiko mata ba, wai ta koma Bakura, can ga ruwa kusa ga shinkafa. Tana cewa a gaishe shi. Na san ba iya riƙona ba ne ya zaunar da ita, wannan katakon ne, kuma ina jin daɗin hakan, don ni ne autanta.

Wata rana ta dubi sabon ƙyauren, fari fat, ta ce, "Auta, ka maishe shi awa ɗan'uwanshi mana." Na ce an gama. Na ɗauka aikin yini guda ne.

Na ɓantaro ɗan sili daga ƙasan tsohon, na soke shi a hula, ran Talata na tafi Mafara. Lokacin garin ya cika da ma'aikatan dam, shaguna har da na kayan gini. Na miƙa wa wani mai fenti silin, wani mai tumbi da ke ta sakace. Ko karɓa bai yi ba.

"Kore ai kore na, Malam," in ji shi, ya turo mini gwangwani mai hoton tsuntsu.

Da na shafa yana ɗanye sai na ga kamar an dace. Da ya bushe ya washe, ya koma ganyen albasa. Inna ta kalla ta ce, "Wanga na tagar makarantar boko na."

Da Talata ta zagayo na koma da faɗa. Ya rantse, ya ce kamfanin ne ba shi da kirki, ya kawo mai tauraro, wai wannan ne mai duhun. Ya bushe da shuɗi-shuɗi a cikinsa. Na sake komawa. Wannan karon ya juya mini murafen biyu ya nuna mini wai lambar da ke jikinsu ɗaya ce, don haka idona ne da matsala. Na ce to lambar zan shafa wa ƙofar? Sai da maƙwabtansa suka shiga tsakani. Ban sake taka shagonsa ba, kuma da na ji daga baya ya karye ban yi masa jaje ba.

Wani mai zanen manyan motoci a tasha ya ce in sayi mai jan murfi in riƙa ɗiga masa baƙi. Haka na zauna ina ɗigawa da cokali, ina juyawa da kara, ina ja wa bayan sabon ƙyauren layi-layi ina jiran ya bushe. Wani ya yi toka-toka, wani ya yi kamar taɓon fadama. Kowane kamfani da nasa taurin kan: wani ya sha kananzir ya dushe, wani ya yi ƙyalli kamar an shafa masa mai. Akwai haɗin da ya kusa ƙwarai, ni kaina sai na matsa nake ganin bambanci. Inna daga kan tabarmarta ta ce, "Ya yi kusa, amma ba shi na ba."

A nan na haɗiye girman kaina na hau keke zuwa Bakura. Yayana ya girme ni da nisa, kuma shi ya riƙe wa Baba gwangwani ranar da Baba ya haɗa fentin. Na tarar da ƙyauren da ya nace sai ya ɗauka jingine a bayan rumbu, kaji na hawa kai. Muka yi gaisuwa doguwa, gida da gajiya da iyali da ruwa. Sannan na ce, "Yaya, mi Baba yaz zuba cikin koren nan?"

Ya yi murmushin nan nasa da na tsana tun ina yaro. "Wallahi na mance."

"To ba ni ƙyauren, tunda kaji ka ba."

"Gadona na. In Inna na son koren Baba, ga shi nan. Ka kawo ta."

Abin da na faɗa masa ba na rubutawa ba ne. Ko ruwan da matarsa ta kawo ban sha ba.

Washegari Inna ta tafi yinin suna a wata unguwa. Ina zaune ina kallon ƙofar, ɓari ɗaya na Baba, ɓari ɗaya nawa, zuciyata na ci. Sai shaiɗan ya kawo mini dabara: tunda sabon ya ƙi bin tsohon, tsohon ya bi sabon. Na ɗauko haɗin nan da ya kusa, na shafe su duka biyun, ciki da waje. Suka fito iri ɗaya sak. Na ja baya ina yaba kaina, har ina cewa a raina yayana ya jiƙa sirrinsa ya sha.

Da la'asar ta dawo. Ta tsaya a bakin zaure ta daɗe. Akwai wani wuri kusa da sakata inda tafin hannun Baba ya goge fentin har ya yi santsi. Can ta kai hannu. Ɗanyen fenti ya kama mata yatsu.

"Auta, ina na babanku?"

"Ga shi nan, Inna. Sun zama guda."

Ta dubi yatsunta. "Da ina da guda. Yanzu ba ni da ko guda."

Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Na kawo kananzir da wuƙa na hau kankara, amma sabon ya riga ya kama tsohon, tare suke tashi har sai farin katako ya bayyana. Na bari don kada in ƙara ɓarna. Tabarmarta ba ta sake fitowa zaure ba.

Bayan mako guda ta ce in kai ta Bakura ta yi kwana biyu ta ga jikoki. Ni da kaina na ɗauki ƙunshinta. Ashe labari ya riga mu isa. Mun tarar yayana ya wanke ƙyauren nan tas, ya rage faɗin ƙofar zaurensa, ya kafa shi, har da sabuwar tabarma a gindinsa. Ya tarbi Inna, sannan ya dube ni ya ce, "Sannu da aiki, mai henti."

Kwana biyun nan ba su ƙare ba. Duk lokacin da na je gaishe ta a nan nake samunta, ta jingina da koren Baba, ni kuma dole in yi sallama a ƙofar mutumin da ba na son gani. A can ta rasu, ta wannan ƙofar aka fito da ita.

Yayana bai taɓa faɗa mini abin da aka zuba a fentin ba, ni kuma ban taɓa yarda cewa ya manta ba. Ƙofata na nan, ƙyaure biyu, launi ɗaya, da tabon wuƙa kusa da sakata. Baƙi kan ce ta yi kyau, sai in ce su shigo.