Hannun da Ban Ɗaga Ba

Talata: Yawuri zuwa Birnin Kebbi

Ƙarfe biyar da rabi na asuba, ana sallame salla, na rataya jakata na nufi tasha. Uwargidana Kulu ta biyo ni har zaure da ƙunshin soyayyen kifi. Ta ce, "Malam, in ka je Birni ka dawo ba ka taka Argungu ba, kada ka ba ni labarin komai." Na ce mata taro zan je, ba yawon zumunci ba. Ta ce ai ta sani, ta juya ciki.

Ni malamin motsa jiki ne da ya yi ritaya, kuma tsohon alƙalin kokawa. An gayyace ni zaman kwamitin dokoki, inda wakilai daga Nijar, Benin, Togo, Senegal da namu na gida za su daidaita ƙa'idojin kokawar gargajiya su zama littafi ɗaya. Littafin za a miƙa wa masu kula da wasanni na duniya, ko Allah zai sa a karɓi kokawarmu a manyan gasa. A jakata akwai shawarar doka guda da na rubuta da hannuna, layi uku kacal: in ɗan kokawa ya riga ya ɗaga abokin karawarsa kafin lokaci ya cika, a bari kayen ya sauka, a kuma ƙirga shi.

Mota ta cika ƙarfe shida da kwata, mu shida ban da direba. Daga Yawuri zuwa Birnin Kebbi kilomita ɗari biyu ne da 'yan kai. Direban, wani mai surutu da ake kira Ɗan'iya, ya hango usur a wuyana ya ce, "Baba, rafali ne kai? Na ƙwallo?" Na ce na kokawa. Ya buga sitiyari. "Kai! Ku ne masu ɓata muna wasa da agogo. Da can in an kama, sai ƙasa ta raba." Fasinjoji suka yi dariya. Ni ban yi ba, don ya taɓa ni inda ke ciwo.

Bari in faɗi abin da ya sa. Ni haifaffen Argungu ne, kuma tare muka tashi da Nomau, abokina tun muna kiwon awaki. Shi Allah ya ba ƙarfi, ni boko ya ɗauke ni. Shekara ashirin da shida da suka wuce aka yi zaɓen waɗanda za su wakilci ƙasa a waje, a can Birnin Kebbi. Lokacin ne aka fara shigo da agogo da maki cikin kokawa, ni kuwa ban daɗe da dawowa daga kwas ba, kaina cike da doka. Karawar ƙarshe ta haɗa Nomau da wani Bawa, mutumin Zuru, kuma ni ne alƙali. Bawa na gaba da maki ɗaya. Saura kaɗan lokaci ya cika Nomau ya sunkuce shi sama ɗungurungum, amma maimakon ya kai shi ƙasa, sai ya tsaya da shi. Mai agogo ya ɗaga tuta, na busa usur, sannan bayan Bawa ya taɓa yashi. Fili ya ɗauki ihu, makaɗa suka juya kiɗa zuwa taken Nomau. Ni kuwa na je na kama hannun Bawa na ɗaga.

Nomau ya kwance ɗamararsa ya fita, bai sake shiga fage ba. Ni ma da aka canja mini wurin aiki zuwa Yawuri sai na mai da shi mafaka. Ko na je Argungu gaisuwar mutuwa, ba na bin layinsu. Kullum ina gaya wa kaina laifinsa ne, wa ya ce ya tsaya yi wa makaɗa burga? Amma wallahi babu damina da za ta faɗi ban yi kewarsa ba.

Mun tsaya Koko ƙarfe bakwai da rabi muka sha shayi da burodi. Shingen jami'an tsaro huɗu muka wuce kafin Jega, ko'ina leƙowa kawai aka yi aka ce Allah ya kiyaye. A Jega na sayi waina mai zafi ta naira ɗari biyar, na haɗa da kifin Kulu. Muka bi ta Kalgo, muka shiga Birnin Kebbi ƙarfe goma da minti ashirin. Ɗan acaba ya kai ni Gesse, gidan ƙanwata Asabe, don ni ba na iya barci a otal.

Laraba: zauren taro

An buɗe taro ƙarfe tara a wani zaure mai sanyin na'ura har sai da na nemi hula mai kauri. Teburi dogo, tutoci ƙanana, ga tafinta biyu suna juya Faransanci zuwa Turanci. Abin dariya, da an fita shan iska sai mu da mutanen Dosso da Gaya na Nijar mu koma Hausa, mu gama cikin minti biyar abin da ya ci mana awa guda a ciki.

Ranar farko an sha gardama. Nauyi aji nawa za a raba? Faɗin fage taku nawa? Gwiwa ɗaya ce kaye ko sai biyu? Mutanen Senegal na da nasu salon, na Togo na da nasu, kowa na ganin na garinsu ne asali. An amince kowane ɗan kokawa ya hau sikeli da safe, likita ya duba shi. An amince a tuɓe layu da guraye kafin shiga fage. Kiɗa da kirari kuwa an ba su minti ɗaya. Minti ɗaya! A garinmu makaɗi bai gama gyara ganga ba ke nan. Na tuna yammacin kaka a Argungu, bayan an kai shinkafa gida, yadda ganga ke kiran mutane tun daga bakin gulbi, ba mai tambayar ƙarfe nawa sai rana ta faɗi.

Wajen cin abincin rana wani dattijo mai kauri ya ajiye farantinsa kusa da nawa ya ce, "Alƙali, ba ka gane ni ba." Na dube shi da kyau. Bawa ne. Yanzu shi ke horar da matasa, kuma yana cikin wakilanmu. Muka gaisa, ya tambayi iyali, sannan ya ce ya karanta shawarata.

Ya ce, "Ka san abin da ya tsai da Nomau ran nan?"

Na ce, "Burga mana. Yana jiran makaɗa su gan shi."

Ya ajiye cokali. "A'a. Kaina ne ke ƙasa. Da ya sake ni a yadda nake, wuyana zai karye. Yana riƙe da ni yana ce mini, 'Tanƙwashe kanka, tanƙwashe kanka.' Sai da na tanƙwashe ya sauke ni. Ni na tafi waje na ga duniya, amma wuyan nan da nake juyawa nasa ne."

Tuwon shinkafar nan ban ƙara ko loma ba. Ni da aka haifa a Argungu, na san sarai abin da manya ke gaya wa duk yaron da zai fara kokawa: in ka raba mutum da ƙasa ya zama amana a hannunka, ɗan wani ne, gobe gona zai je. Na san wannan tun kafin in san agogo. Amma ran nan idona na kan tuta, ban ga abin da ke gabana ba.

Alhamis: ƙuri'a

Shawarata ta zo ƙarfe goma sha ɗaya. Na tashi na karanta. Bawa ya tashi ya ba da labarinsa gaban kowa, bai rage komai ba. Wani dattijo daga Nijar ya goyi baya, ya ce dokar da ke sa yaro gaggawar maka ɗan'uwansa da ƙasa ba ta kare kowa ba. Amma shugaban zaman ya ce masu wasanni na duniya suna son lokaci tsayayye, wanda alƙalin da bai taɓa ganin kokawa ba zai iya aiki da shi, kuma masu talabijin ba sa jira. Ban ce ba shi da hujja ba. Aka ɗaga hannu, aka yi kunnen doki. Aka ce a ɗage maganar sai zama na gaba, a wata ƙasa, baɗi.

Na koma Gesse jiki a sanyaye. Niyyata tun daga Yawuri ita ce in kai wa Nomau takarda mai hatimi in ce ga shi, an gyara. Yanzu da me zan je? Na gaya wa Asabe gobe Yawuri zan koma kai tsaye. Tana tsince shinkafa a faifai, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Yaya, shi Nomau takarda yac ce ka kawo mai? Ko karatu bai iyawa. Shekara ashirin da shida kana neman abin riƙewa a hannu. Tahi hakanan."

Juma'a: Argungu

Na shiga mota ƙarfe bakwai. Tafiyar kilomita hamsin ce da ɗoriya, awa ɗaya ba ta cika ba. Daga Zauro fadama ta buɗe, shinkafar rani kore shar har iyakar gani, injinan ban ruwa na ta tatata. Ƙamshin danyar laka ya shigo ta taga. Wannan ƙamshin babu shi a Yawuri, duk da ruwan da ke can.

Gidan Nomau na nan inda na bar shi, sai dai an sa ƙofar ƙarfe. Na yi sallama, matarsa ta amsa daga ciki ta ce yana fadama wajen albasa. Ta tambayi wane ne. Da na faɗi sunana sai ta ce, "Ikon Allah."

Tafiyar minti ashirin ce a ƙasa. Na same shi a duƙe yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya, ma'aikata huɗu na cirar albasa a gefe. Ya rame, gemu ya yi fari fat, amma faɗin bayan nan na nan. Na yi sallama. Ya miƙe a hankali, ya kare ido da hannu, ya daɗe yana kallona.

Ya ce, "Ɗanjumma." Rabon da wani ya kira ni da sunan nan tun rasuwar mahaifiyata. "Ka taho da agogon naka?"

Na ce, "Na bar shi gida."

"To madalla. Zamna, nan ba a busa usur."

Muka zauna a kan kunya. Na ba shi labarin taro, da shawarata, da yadda ta ƙare. Na gaya masa abin da Bawa ya faɗa. Ya ce, "Shina nan da rai? Wuyan nashi lahiya?" Na ce lafiya lau. Ya ce, "To ai shi ke nan."

Na ce, "Don me ba ka faɗa mini ba tun ran nan?"

Ya ce, "In hwaɗa maka mi? Tare munka koyi kokawa wurin Baba Sanda. Da baƙo na ya busa, da ban ji komi ba. Zuwa waje bai dame ni ba, Ɗanjumma, ga ni ga gonata. Abin da yac ci min rai, kai da ka san ni, ka ɗauka burga nika yi."

Na tashi tsaye, na ce masa shi ma ya tashi. Ya ce lafiya? Na kira ma'aikatan nan huɗu na ce su zo su yi shaida. Suka zo da laka a ƙafa suna kallon juna. Na kama wuyan hannunsa na dama, yadda alƙali ke yi, na ce da ƙarfi, "Kaye ya yi! Nomau na Argungu ya yi kaye!" Na fara ɗagawa.

Hannun ya kai daidai kafaɗa ya tsaya. Ya ɗan cije leɓe ya ce, "Sannu-sannu. Ba ta kai can yanzu, tun bara waccan." Na riƙe shi a nan inda ya tsaya. Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya ɗauki galan ɗin mai da babu komai ciki ya shiga bugawa da tafin hannu, sauran suna tafi suna dariya, ba su san mafarin zancen ba. Nomau na dariya shi ma, hawaye na bin gemunsa. Ni ban iya dariyar ba. Da na zo shekara biyu da suka wuce, da hannun nan ya kai sama.

Mun yi sallar Juma'a tare, sahu ɗaya. Matarsa ta yi mana tuwon shinkafa da miyar kifi, na ci har na ji kunya. Da zan tafi ya sa aka ɗaura mini rabin buhun albasa. Ya raka ni tasha, ya ce, "Baɗi in za ku zaman, ka sake kai takardar. Ba don ni ba, ni tawa ta wuce. Don yaran da za a ɗauka sama."

Asabar: komawa gida

Na kwana Gesse, na bar Birnin Kebbi ƙarfe shida da rabi na safe. Taya ta yi faci bayan Jega, muka ɓata minti arba'in a gindin wata bishiya. Na iso Yawuri ƙarfe goma sha ɗaya da rabi. Kulu ta ga albasa a bayan ɗan acaba, ta dube ni, ta ce, "To, yanzu ba ni labari."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Asabe da ta ƙi saurarar uzurina, da Bawa da ya faɗi gaskiyar da ba a tambaye shi ba. Takardar mai layi uku na mayar da ita jaka, tana jiran baɗi. Nomau kuma na jirana da kaka, ya ce in zo da wuri, kafin ɗaya kafaɗar ma ta ƙi.