Yaya Habu Ba Mai Buga Takarda Ba Ne

Bana shekara ashirin ke nan da muka kai Yaya Habu makwancinsa a Dutse, kuma wallahi har yau in na tuna yadda aka yi da shi sai raina ya ɓaci. 'Yan'uwa sun ce in yi masa addu'a in yi shiru. Addu'a kullum ina yi. Shirun ne na gaji da shi.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya karanci tsara aikin kwamfuta a jami'a tun mutanen unguwarmu ta Limawa na ɗaukar ta talabijin ce. Wani kamfani a Legas ya aiko masa da takardar ɗaukar aiki daidai lokacin da aka ƙirƙiro Jigawa. Mahaifinmu ya ce masa sabuwar jiha ba ta da masu gina ta sai 'ya'yanta. Yaya ya ninke takardar ya sa a akwati, ya nemi aiki a ma'aikatar ilimi a gida.

Jami'in ɗaukar ma'aikata ya buɗe littafin muƙamai, ya duba daga farko har ƙarshe, bai ga gurbin mai kwamfuta ba. Sai ya tambaya ko na'urar tana da madannai irin na tafireta. Yaya ya ce tana da su. Shi ke nan, aka jefa shi cikin masu buga takarda, wai kafin a gyara.

Kwamfutar ma guda ɗaya ce, tana ofishin darakta an lulluɓe ta da leshi. Sai ka cire takalmi za ka shiga, don sun ji an ce tana kamuwa da cuta. Duk da haka ya lallaɓa ya tsara hanyar da za a san inda kowane malamin makaranta yake, daga Jahun har Miga, ba sai an kwashi mako ana tonon fayil ba. Darakta ya duba, ya gyaɗa kai, ya miƙa masa katin ɗaurin auren 'yarsa ya buga. Bayan 'yan shekaru aka ɗauko wani kamfani daga nesa don wannan aikin dai. Yaya ne ya zauna ya koya musu, su aka tafa wa.

Da aka ƙaddamar da shari'a na yi murna kamar kowa. Ko'ina maganar adalci ake, ga gwamnati na shelar za ta cika jiha da masana kwamfuta. Na ce to, bana Yaya zai samu haƙƙinsa. Ina! Fayil ɗinsa kullum ana dubawa, shi kuwa yana zaune yana buga wa wasu takardar ƙarin girma. Da ya rasu, wasiƙar ta'aziyyar da ma'aikata ta aiko cewa ta yi sun yi rashin haziƙin mai buga takarda.

Abin da ke ƙara ƙona mini rai, shi bai taɓa zagin jihar nan ba. Yana kwance a asibiti ya riƙe hannuna ya ce kada in bar 'ya'yansa su guji gida, wata rana za a gane. Na yi masa alkawari.

To, Yaya, da za ka ɗago yau, za ka ga kwamfuta a kowane tebur, ba leshi, ba cire takalmi. Amma yaran da suka iya sarrafa ta suna Kano da Abuja da Legas. 'Yarka Hindatu, wadda ka bari tana shekara uku, karatunka ta bi. Watan jiya ta kai takardunta wata ma'aikata, aka tambaye ta kalma nawa take bugawa a minti ɗaya. A makon ne kuma wani kamfani a Abuja ya kira ta.

Ta zo ta durƙusa ta ce, “Baffa, da Baba yana nan, zai bar ni in tafi?”

Na ce mata ba zai bari ba, don ba zan yi maka ƙarya ba. Sannan na buɗe akwatinka na ɗauko takardar Legas, duk ta yi ja, har ta fara yagewa ta wajen ninkin, na ba ta ta karanta.

Abin da ya rage naka ke nan: ilimin da ke kan yarinyar nan, da haƙurin da ban gada ba. Ka yafe mini, Yaya, na karya alkawarinka. Ni da kaina na ɗaukar mata jaka zuwa tasha.