Juma'ar da Na Je Masallaci Ba Turare

Har gobe ban manta da Juma'ar da na shafa turare na tafi ɗana tarko ba. Ku sababbin shiga kuna yawan tambayata me ya sa tarkunana duk tsofaffi ne masu tsatsa, me ya sa kuma nake faɗa idan wani ya wanke su. To ku gyara zama ku ji.

Lokacin ina shekarata ta uku a kamfaninmu na kula da filaye a nan Manchester. Matsayina mataimaki ne: in yanke ciyawa, in aske shinge, in kuma an sami ɓarnar dabbobi in bi ogana ina riƙe masa jaka. Ogan nawa Mista Dennis ne, dattijon Bature da ya gaji kamun mol daga kakansa. Ga wanda bai san mol ba, wata 'yar dabba ce baƙa da ba ta wuce tsawon hannu daga wuyansa zuwa yatsa ba, mai dogon baki irin na jaɓa da faffaɗan hannuwa na haƙa. A ƙarƙashin ƙasa take zaune, tana bin tsutsa, ƙasar da ta haƙo kuma sai ta turo ta waje tsibi-tsibi. Ba mu da ita a gida, shi ya sa nake ce mata jaɓar ƙasa.

A watan Maris na waccan shekarar wata maƙabarta a Birmingham da muke yi wa aiki ta aiko cewa jaɓar ƙasa ta shiga ɓangaren Musulmi. Dennis yana fama da gwiwa, sai manaja ya ce ni zan je, tunda na san inda ake takawa da inda ba a takawa. Karo na farko ke nan da aka ba ni aiki ni kaɗai, kaina kuwa ya kumbura. Na ƙi ɗaukar tarkunan Dennis, don a ganina rashin ladabi ne a kai wa mamata ƙarafa masu tsatsa. Na karɓi sababbi guda shida a sito, na wanke su da sabulu, na goge har suna ɗaukar ido.

Na sauka ranar Juma'a da hantsi, na ajiye kaya a ɗakin da aka kama mini a unguwar Selly Oak. Na yi wanka, na zuba almiski a tafin hannu na murtsuke, na shafe gemu da wuya kamar yadda mahaifina ya koya mini. Daga masallaci kai tsaye na wuce wurin aiki.

Ina shiga na tarar da wani mutum tsaye kan wani kabari da bai daɗe ba. Ya dubi hulata ya ce, "Malam, Bahaushe ne?" Muka gaisa, na ce sunana Isyaku. Ya ce shi Mukhtar ne, injiniya, kabarin kuma na mahaifinsa ne, Dokta Habibu, wanda ya rasu a watan Nuwamba.

"Ni na kai complaint a ofishin maƙabartar," in ji shi. "Mama za ta fita takaba Asabar ta sama, kuma ta ce ranar Lahadi da safe nan za ta fara zuwa. Ba ta taɓa ganin wurin ba. Yaya Isyaku, ka san mutanenmu. In ta ga ƙasa a tone kewaye da shi ba za ta ce dabba ba ce. Cewa za ta yi wani abu ne ya same shi a ciki, and she won't sleep again."

Ba sai ya ƙara bayani ba. A gida, kabarin da aka ga ƙasarsa ta motsa surutu yake jawowa, balle a zuciyar matar da ta yi shekara arba'in da mutum. Na ƙirga tsibi goma sha bakwai, uku daga ciki suna jingine da gefen kabarin. Na bugi ƙirji na ce kafin Litinin an wuce wurin.

Ga yadda ake yi, don waɗanda ba su fita da ni ba tukuna. Ba a ɗana tarko a cikin tsibi, wannan jujinta ne kawai. Babbar hanyarta ake nema, wadda take bi kullum, galibi a gindin shinge ko gefen hanyar ƙafa. Za ka riƙa soka siririn ƙarfe a hankali, inda ka ji ya zurma ba tare da ka danna ba, nan ramin yake. Sai ka yanka ciyawar da wuƙa daidai girman tarkon, ka kwashe duk ɓurɓushin ƙasar da ya faɗa ciki, ka daddale ƙasan ramin ya yi sumul. Ka zaunar da tarkon ya bi tsawon hanyar, ka rufe da ciyawar da ka yanka yadda haske ko iska ba za su shiga ba, ka kafa tsinke don shaida. Duk na yi wannan, a gindin shinge, nesa da kaburbura, da bismillah a kan kowanne.

Washegari na zo da buhuna. Tarko shida, duka shidan ta cusa musu ƙasa ta toshe, ta haƙa sabuwar hanya ta kewaye su. Ga sababbin tsibi biyu, kamar tana yi mini gwalo. Na kwashe, na sake ɗanawa. Lahadi haka, Litinin haka. Ranar Talata Mukhtar ya bugo: "Yaya, any news?" Na ce ana kan aiki. Ba korar aiki nake tsoro ba, fuskar tsohuwar da ban taɓa gani ba ce ta tsaya mini a rai. Girman kai rawanin tsiya. Na haɗiye nawa na kira Dennis.

Laraba sai ga shi ya sauko daga jirgin ƙasa, yana dogara sanda, da wani tsohon buhu a kafaɗa. A ƙofar ɓangarenmu ya tsaya ya cire hularsa, ya ce, "Ka shige gaba, Isyaku. Inda ka taka nan zan taka." Tun daga ranar nake ƙaunar dattijon nan fiye da da.

Ya durƙusa da ƙyar ya duba aikina. Ya ce wurin daidai ne, yankan ma ba laifi. Sai ya zaro tarko ɗaya ya kai hanci. Ya ajiye, ya kama hannuna ya shinshina, ya ɗago ya dube ni.

"Isyaku, ɗaurin aure ka zo ko farauta?"

Na ce ban gane ba.

"Dabbar nan kusan makauniya ce, hancinta ne idonta. Tana cikin duhu a gidanta, sai ta ji ƙamshin sabulu da na ango a tsakiyar hanya. Kai, da a ce kai ne, za ka sa kanka a ciki?"

Ya yi dariya har da tari, ni kuma kunya kamar in nutse. Ya juye buhunsa, sai ga tarkunan da na raina, baƙi ƙirin, don a cikin ƙasa yake ajiye su shekara da shekaru. Ya sa na ɗebi ƙasar tsibi na cuɗa hannuwana da ita har gwiwar hannu, na cire nawa na ɗana nasa, ya kafa mini doka: ba turare, ba sabulu mai ƙamshi, sai an kama ta. Ya kuma ce in gaya wa Mukhtar cewa haƙanta bai fi zurfin kamu ɗaya ko biyu ba, babu abin da ya isa wurin mahaifinsa. Na san yanzu akwai masu cewa ƙamshi ba ya hana kamu. Su je su yi musu da ita, ni dai abin da na gani nake faɗa.

Alhamis ba kamu, amma ba ta toshe ko ɗaya ba. Juma'a ta zo, na tafi masallaci fayau, abin da ban taɓa yi ba tun da na girma. Ji nake kamar na fito ba riga. Wani dattijo a sahu ya zaro kwalbarsa yana shafa wa na kusa da shi, da ya zo kaina na ɓoye hannu na ce na gode. Kallon da ya yi mini, wallahi har yau ina jin nauyinsa.

Ina idar da salla na nufi shingen. Tarko na huɗu ya tashi. Guda ɗaya ce tak, ita kaɗai ta yi duk wannan ɓarnar, don ba sa zama biyu a hanya ɗaya. Asabar ba sabon tsibi. Na baje ƙasar da hannu, na daidaita gefen kabarin, na yayyafa irin ciyawa.

Lahadi da safe Mukhtar ya kawo mahaifiyarsa, Hajiya Rabi, 'yar ƙaramar dattijuwa cikin farin mayafi. Na ja baya na tsaya gindin wata bishiya. Ta daɗe tana addu'a, ta sunkuya ta shafa ƙasar da tafin hannu, ta ce da ɗanta, "Wurinsa ya yi kyau." Sannan ta yafito ni. Na je na rusuna na yi mata gaisuwa.

"Kai ne Isyaku? Jiya Mukhtar ya ba ni labarin komai, da ya tabbata ba abin da zan gani." Ta buɗe jakarta ta fito da wata 'yar kwalba, turaren cikinta ya kai rabi. "Na Dokta ne, shi yake shafawa duk Juma'a. Ni na bar turare wata huɗu da kwana goma saboda mijina ne. Kai ba ka taɓa ganinsa ba, ka bar naka har a masallaci. Karɓi, ɗana. Allah ya yi maka albarka."

Na miƙa hannu biyu, da ƙasa a ƙarƙashin farce, na karɓa na ce amin. Hawaye na yi, ba zan ɓoye muku ba.

Abin da na koya shi ne, a wannan sana'a ba yadda kake son girmama wuri ake dubawa ba, abin da wurin yake buƙata ake dubawa, ko da tsatsa ne da hannu mai ƙasa. Kuma kowane fili da aka tura ku, akwai wanda zuciyarsa ke ajiye a wurin. Dennis ya yi ritaya ya bar mini buhunsa, su ne tarkunan da kuke yi wa dariya. Kwalbar Dokta kuwa tana gidana a Longsight, saura kaɗan a gindinta. Duk Juma'a nakan ɗiga ɗigo ɗaya in yi masa addu'a, shi ya sa ba kwa ganina da tarko a ranar.