Muryar Dorinar Baba Garba

Jama'a, abin da zan ba ku ni ya faru da ni, ba ji na yi a majalisa ba, kuma wallahi ko kalma ɗaya ban ƙara masa ba. Shekarun baya ne, lokacin ina da ɗan situdiyo a Badariya, nan Birnin Kebbi, ɗaki ɗaya da na liƙe bangonsa da soso har ko babbar mota ta wuce ba ka ji. Waƙoƙin biki da tallar shaguna nake ɗauka, amma abin da raina yake so shi ne jita, kuma a lokacin na haukace da wata sabuwar fasaha ta kwafe muryar amfilifaya, wato akwatin da ke ƙara sautin jita, a zuba ta cikin kwamfuta.

Wanda ya haɗa ni da maganar shi ne Oga Emeka, mai sayar da kayan sauti a kasuwa, mutumin da ya daɗe a garin nan har Hausarsa ta fi ta wasunmu gishiri. Ya ce akwai wani tsoho a Argungu, Baba Garba, da ya yi zamani yana kaɗa jita daga Sakkwato har Yamai, yana da tsohuwar amfilifaya irin mai bawul, wato 'yan kwalaben gilashin nan da ke yin ja kamar garwashi idan sun ɗau zafi. Bawul ɗin sun kusa mutuwa, Emeka ya nema har Anaca bai samu irinsu ba. Shi kuma tsohon ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya iya riƙe jita, kuma babu abin da ke hana shi barci kamar tunanin muryar abin nan za ta mutu tare da shi. Ɗiyarsa Hajara, wadda ke jinyarsa, ita ta roƙi a nemo mai dabara.

Na ɗaure kayana a mota na kama hanyar Argungu, ana tsakiyar yankan shinkafa a fadama. Na tarar da shi a zaure kan tabarma, siririn tsoho mai zoben azurfa a hannunsa mai lafiya, ga amfilifayar kusa da shi an lulluɓe ta da zane kamar amarya. Dorina yake ce mata. Da aka tayar da janareto ta ɗau zafi, na jona jitata na murɗa ƙarar amfilifayar har ƙarshe na ja tsirkiya ɗaya, sai na gane dalilin sunan. Kai! Gurnani ne mai kauri irin na dorinar ruwa da kake ji a ƙirji kafin kunne, sautin ya ƙone amma bai yi ɗaci ba, in ka taɓa a hankali ta yi maka laushi, in ka danna ta taso maka, ka saki tsirkiyar kuma ta riƙe kukan ta ƙi saki. Na taɓa amfilifayoyi da yawa a rayuwata, ban taɓa jin wadda ke ba mutum amsa irin wannan ba. Ban ɓoye ba, na ce Baba wannan ai dukiya ce.

Na yi masa bayanin aikin. Ba kiɗa za a yi ba, wasu sautuka ne na gwaji kwamfuta za ta tura cikin Dorina, ƙara da shewa da gunji iri-iri, a ɗauki abin da ya fito, daga baya kwamfutar ta zauna tana gwada abin da ya shiga da abin da ya fito har ta iya kwaikwayonta. Sharaɗin ɗaya ne, in an fara ba a katsewa, in aka katse sai a koma farko. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Ɗana, murya kaz zo ɗauka, na jiya. To hali hwa? Shi ma injin naka na ɗaukar shi?" Na yi dariya na ce Baba ai ƙarfe ba shi da hali.

Muka fara. Aiki ya yi nisa, ina kallon bawul ɗaya yana wani irin haske mai shuɗi ina addu'a ya kai mu ƙarshe, sai ladanin masallacin unguwarsu ya ɗaga murya, kiran la'asar. Kafin in ɗaga kai tsohon nan ya miƙa hannu ya danna madannin hutu, wanda ke rufe mata baki amma ya bar bawul da zafinsu. Ƙas! Har da ɗan ƙaran zobensa da ya bugi ƙarfen. Wallahi da ba tsoho ba ne da na faɗi magana. Na ce Baba ka ɓata aikin, kuma ba lalle ta jure zagaye na biyu ba. Ya ce, "Tun da nis saye ta ba ta taɓa magana bisa ladan ba, ko cikin otal, ko gaban manya. Ba yau za ta hwara ba." Hajara daga bakin ƙofa ta ce haka yake, an sha korar sa daga wasa saboda wannan.

Muka yi salla muka dawo. Waccan ɗaukar da ta lalace na goge ta, ku riƙe wannan, na goge ta gaba ɗaya. Muka sake daga farko, Allah ya taimake mu ta kai ƙarshe, kuma ina cikin naɗe waya sai muka ji ƙauri, bawul ɗin ya yi baƙi. Dorina ba ta sake magana ba.

Da kwamfuta ta gama koyo na koma masa da ita da lasifika mai kyau. Na kaɗa. Jama'a, fasahar nan abar girmamawa ce, domin gurnanin nan ne ya fito, da laushin da tasowar, babu bawul babu zafi. Tsohon ya rufe ido, hawaye na bin kuncinsa, yatsunsa suna motsi a kan gwiwa. Ni ma na ji daɗin da ban taɓa ji a aiki ba. Muna cikin haka aka fara kiran azahar, ni kuma daɗi ya ɗebe ni ban tsaya nan take ba, sautin ya ci gaba da kuka. Ya buɗe ido ya ce, "Muryatta ce, babu shakka, Allah shi yi ma albarka. Sai dai ba ta da ladabi." Na ce Baba wannan kam ba a iya sa shi a ciki. Ya yi murmushi ya ce, "Bar ta. In na samu sarari ni ka koya mata."

Damina na sauka Hajara ta kira ni ta ce Baba ya rasu. Na je gaisuwa na dawo, na ci gaba da aiki da muryar Dorina, mawaƙa har nema suke a sa musu ita.

Wata rana da rana tsaka ina ɗaukar wata waƙa, ina tsakiyar kiɗa sai na ji ƙas, shiru. Ba raguwar sauti ba, shiru ɗif, har 'yar shewar nan da irin wannan amfilifaya ke yi ko ba ka taɓa tsirkiya ba ta ɗauke. A allon kwamfuta ga sautin jita yana shiga, babu abin da ke fita. Na canza waya, na canza jita, na sa wata muryar amfilifaya daban ta yi lafiya lau, na dawo kan Dorina shiru. Bayan ɗan lokaci, ƙas, ta dawo da kanta. Washegari haka, jibi haka.

Na kira Emeka. Ya zo da tasa kwamfutar, wadda ba ta da intanet kuma agogonta ma ya ɓace, muka zuba muryar a ciki. Ta yi mana irin haka. Shi ne ma ya fara lura, ya ce, "Malam, ni ba musulmi ba ne, amma duk sanda abin nan ya yi shiru in na fita sai in ga mutanenku da buta." Na gane inda ya dosa. Amma na yi ta ƙoƙarin kare kaina, na ce ai bai dace da masallacinmu na Badariya ba, wani lokaci yana riga shi, wani lokaci yana makara. Emeka ya dube ni ya ce, "To wa ya ce maka ladaninku take bi?"

Ran nan da la'asar ta matso na zauna da jita a cinya da wayar salula a gefe, ƙofa a rufe, ina ta kaɗawa. Ƙas. Nan take na danna lambar Hajara. Ta ɗauka da murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Dakata kaɗan, yanzun nan anka hwara kiran salla." Kuma ga shi ina ji ta cikin wayar, muryar ladanin nan na unguwarsu a Argungu, yana kan kabbara ta farko. Da aka gama na faɗa mata abin da ke faruwa, sai na ji tana kuka. Ta ce, "Ashe ya samu sararin."

Na tambayi waɗanda suka fi ni sanin fasahar nan, kowa ya ce ba zai yiwu ba, lissafi ne kawai a ciki, ba shi da kunne ba shi da agogo. Na yarda da su, ni ma haka na sani. Sai dai wata rana na ɗauki ƙas ɗin na ƙara masa ƙarfi na saurara da abin kunne, kuma a bayansa akwai wani ɗan ƙara siriri, irin na azurfa in ta bugi ƙarfe. Ban sake saurara ba.

Har yau ina aiki da ita, kuma har yau ban ji muryar da ta kai ta ba. Mawaƙan da ke zuwa wurina sun saba, in ta yi shiru ba mai tambaya, kowa sai ya tashi ya nemi buta. Shawarata gare ku, idan tsoho ya ba ku amanar abin da ya rayu da shi, ku tambaye shi yadda ya saba da shi kafin ku ɗauka, kuma in ya ce zai yi wani abu in ya samu sarari, kada ku yi masa dariya. Ni kam ko kwamfutar tana kashe, in lokacin la'asar ya yi, sai in ga na janye hannuna daga jita.