Makon da Na Goge Allo

Akwai ranar da ba ta fita raina ba a duk shekarun da na yi ina koyar da lissafi a wata kwaleji a nan Gombe. An ba ni ajin ma'aikata masu karatun ƙarshen mako, in koya musu lissafi mai zurfi na injiniyoyi. Yawancinsu sun girme ni, kuma ƙarin girmansu a ofis ya rataya ne a kan wannan kwas.

Ranar farko na rubuta tambaya ɗaya ta kalkulas, wato lissafin yadda abu ke sauyawa. Na juyo, sai na ga kowa ya duƙufa yana kwafa, babu mai warwarewa. Sai na goge allon, na rubuta aljabara mai sauƙi, irin ta sakandare.

Alhaji Buba, wani babban jami'i daga unguwar Gabukka, ya ajiye bironsa. Ya ce, "Malam, da furfurarmu za ka mayar da mu aji ɗaya?"

Kafin in amsa, Madam Rifkatu ta miƙe. Ma'aikaciyar safiyo ce, masu awon filaye, 'yar Tangale, tana zaune a unguwar Bagadaza. Ta ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Ni dai wallahi na manta. Rabona da wannan abu tun kafin in haifi ɗan farina, ga shi yanzu yana jami'a. In aka wuce nan, gara in koma gida."

Aka yi dariya, amma hannuwa suka fara tashi ɗaya bayan ɗaya, alamar su ma sun manta.

Na je wajen shugaban sashe na nemi izinin yin bita. Ya ce, "Manhaja ba ta tanadi bita ba. In zango ya ƙare ba ka gama ba, kai za ka amsa." Na ce na yarda, ranka ya daɗe.

Muka koma baya. Muka bi aljabara, muka shiga lissafin kusurwoyi, inda Madam Rifkatu ta gane ashe abin da take yi kullum ne a filayen da take aunawa. Sannan muka dawo kalkulas a hankali. Alhaji Buba bai ƙara magana a aji ba, har wata Asabar ya tare ni a gindin darbejiya, ya rage murya ya ce, "Malam, wai me ya sa alamar tarawa ke juyawa ta zama ta ɗebewa in lamba ta tsallaka ɗaya ɓangaren?" Muka zauna a benci na nuna masa.

Ban gama manhajar ba. Babi biyu suka rage, kuma an kira ni gaban kwamiti na sha faɗa. Amma ajin ya haye jarrabawa, har da Alhaji Buba da Madam Rifkatu.

Ku da kuka fara aikin koyarwa, ku sani babba ba ya rasa ƙwaƙwalwa. Kunyar cewa "na manta" ce ke riƙe shi. Kada ku jira ya faɗa a gaban jama'a. Ku fara daga inda zai iya biyo ku.