Ɗamarar da Ta Ƙirga Numfashin Mbah Ngatirah

Shekara hamsin da biyu ke nan Mbah Ngatirah, wato Kaka Ngatirah, tana zana batik, adon yadi da ake yi da kakin zuma, a wani ɗaki can ƙuryar gidanta da ke garin Lasem, a kan 'yar kujerar da ta gada wajen uwarta. Tana da shekara tara aka danƙa mata ɗan cokalin tagullar nan mai tsinin baki, na ɗibar narkakken kaki, kuma da shi ta reni 'ya'ya uku.

Da daminar bara tari ya kwantar da ita mako biyu. Tana warwarewa 'yarta Sulastri ta iso daga birnin Semarang da magana guda: hayaƙin kaki ya ci huhun tsohuwa, a tattara a koma birni. Ngatirah ta ce ko da wasa. Aka bar wa asibiti ya raba gardama.

Can aka ɗaura mata wata ɗamara mai laushi a ƙirji, da 'yar na'ura kamar ƙwallon dabino, wadda za ta riƙa ƙirga numfashinta da motsinta kwana uku, tana aika wa wayar Retno, ma'aikaciyar jinya. Maƙwabta suka yi ta tsokanarta wai ta zama shago mai mita. Ta ce su dai ba wanda ya damu da numfashinsu.

Rana ta huɗu Retno ta zo a kan babur, fuska ba walwala. Barci lafiya, zuwa kasuwa lafiya, amma daga hantsi zuwa azahar numfashin kan tsaya cak, daƙiƙa ashirin, fiye da sau ɗari. Sulastri ta shiga ɗaki ta fara ninke kaya.

Ngatirah ta dubi yadin da take aiki a kansa. Ta roƙa a bari ta ƙarasa zanen tsuntsun da ta faro. Ta zauna, ɗamara na jikinta, Retno na gefe da waya a hannu. Ta ɗebo kaki, ta hura bakin cokalin, layin da ke kan wayar ya yi tsalle. Ta ɗora a kan yadi ta ja gashin fiffike a hankali, sai layin ya kwanta shimfiɗe. Sau uku Retno na duban waya tana duban hannu, sannan dariya ta ƙwace mata.

"Mbah, ashe ba kya numfashi in kina jan layi?"

"Yo 'yar nan, in na yi numfashi ai fiffiken karkacewa zai yi. Wa zai sayi tsuntsu mai karyayyen fiffike?"

Retno ta leƙa ta ce wa Sulastri ta kwance kayan, huhun da ke wannan aiki ba na ritaya ba ne. Sharaɗi ɗaya ta kafa, a fito da murhun kakin baranda, inda iska ke kaɗawa. Ngatirah ta yi mitar kaji za su dame ta, amma kafin la'asar da kanta ta ɗauko kujerar.